Suna Biyu a Takardar Likita

Litinin, 7 ga Oktoba, 2019

Itatuwan ceri, masu ƙananan 'ya'ya jajaye, sun yi fure, kwarin nan duk ya yi fari fat. Gwenda, mai gonar da nake saye a wurinta, ta ce in sanyi bai ƙona furen ba zan sami tan ashirin ɗina har da ɗoriya. Tan ashirin ɗin nan su ne suka rage mini a sharaɗin jihar Tasmaniya: in zuba jari, in zauna shekara biyu, in fitar da amfanin gonarsu zuwa waje. A Fabrairu shekara biyun ke cika, sai mu nemi takardar zama ta dindindin, ni da 'yata Uyen da babanta.

Saura wata huɗu mijina Loc ya zo. Na fara kwashe kwalaye daga ɗakin baya.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Har yau wai kyamarar wayarsa a lalace take. Wata biyar! Mutum da masana'antar tayil guda a garinmu Can Tho, gyaran waya ya gagare shi. Na ce, "Yaya, ko tumbi ka ajiye kake ɓoye mini?" Ya yi dariya, ya ce in sa ido a kan ceri, masu saye a can gida suna jira kafin bikin Tet na sabuwar shekara. Shekara ashirin da uku da aure, hirarmu ta koma ta kwali da jirgin kaya.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Wasiƙa daga ofishin Lauya Dang, ta gwajin lafiyar da za mu yi kafin a shigar da takardu. Suna biyu ne a ciki, nawa da na Uyen. Na kira in ce sun yi mantuwa. Sakatariyarsa ta ce, "Anti, maigidanki bai gaya miki ba?"

Bai gaya mini me ba?

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Dang ya yi ta kwana-kwana kamar mai tsoron taka ƙaya. Da ƙyar ya ce Loc ne da kansa ya sa a cire sunansa tun bara, dalili kuma ba shi zai faɗa ba. Na ba mutumin nan shayi a gidana, na yi masa ƙunshin ceri ya kai wa matarsa.

Raina ya ba ni mace ce. Na wuni ina jera matan da ke aiki a masana'antar ɗaya bayan ɗaya. Loc bai ɗauki waya ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Uyen ta zo daga jami'a. Na yi mata miyar kifi mai tsami, na bari ta ci rabi, sannan na ajiye wasiƙar kusa da kwanonta. Ko kallonta ba ta yi ba. A nan na gane.

Ba mace ba ce. Ƙodojinsa ne, duka biyun. Sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda. Likita ya gaya masa tun saura wata guda mu taso, lokacin ina tsakiyar sayar da shagona na yadi, shagon da na gada daga mahaifiyata. Ya tsaya yana kallo ana kwashe kantoci, har yana taya ni ciniki. Dang ya riga ya faɗa masa cewa a ƙasar nan in mutum ɗaya ya faɗi gwajin lafiya, iyalin duka ake hana wa takardar zama. Sai suka zauna, mijina da lauyansa, suka yanke yadda rayuwata za ta kasance, suka sa ni a jirgi.

Na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun hutun bara da ta je gida, ita ce ma take raka shi asibiti.

"Mama, ya sa na yi masa alkawari."

"Ni kuma fa? Ni 'yar aikinku ce?"

Ta yi kuka. Ban rarrashe ta ba. Yarinyar da ta dawo ta ce mini babanta yana nan garau, har ya yi ƙiba. Na kwashe kwanoni na wanke, ita tana zaune.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Yau kyamarar ta gyaru.

Fuska ta kumbura, wuya ya zama tsinke, hannun hagu a naɗe. Na shirya maganganu cike da baki, duk suka gudu. Shi ya fara.

"Da na gaya miki, da kin tafi?"

"Da ban tafi ba."

"To, kin gani."

Kin gani! Wai shi ya yi dabara. Ya ce don Uyen ya yi, ya ce ba ya so in ƙare a gefen gadon asibiti ina riƙe da roba. Na ce wa ya tambaye ni abin da nake so? Gefen gadon nawa ne, ya ƙwace ya ba yayarsa, ita take jinyarsa. Wata ashirin da ɗaya ina nan ina koyon tuƙi a hannun hagu, ina cin abinci ni kaɗai, ina ƙirga kwanaki saboda mutumin da ya san ba zai zo ba.

Ina jin tausayinsa, kuma ina jin kamar in shaƙe shi. Duka biyun gaskiya ne.

Talata, 19 ga Nuwamba

Ashe da saura. Dang ya ce cire suna bai isa ba, muddin Loc mijina ne ana iya neman gwajinsa. Sai na rantse a rubuce cewa mun rabu. Ya turo mini takardar, tare da ta Loc, wadda ya sa wa hannu tun Maris na bara. Wata ɗaya da tafiyata. A makon nan ne ya aiko mini da barguna biyu, wai kada sanyi ya kama ni.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na duba tikitin jirgin komawa gida sau uku. In na tafi yanzu ba mai tsayawa a kan tsinka da lodi, tan ashirin sun tashi, shekara biyu ta tashi, Uyen ta bar karatu a tsakiya. Ya san da haka. Ya ɗaure ni ta inda ba zan iya kwancewa ba, kuma ya kira abin ƙauna.

Lahadi, 1 ga Disamba

Na gaya wa Gwenda, ban san dalili ba. Muna rumfar tantance ceri. Ba ta ce sannu ba, ba ta ce ki yi haƙuri ba. Ta ce nata mijin ma har ya mutu bai taɓa tambayarta ko tana son zaman gona ba. Ta miƙo mini safar hannu ta ce, "Zo ki koyi gane wanda ya fashe, 'yar'uwa, ranar Laraba za mu fara tsinka."

Uyen tana kira kullum. Ina ɗauka, ina cewa lafiya lau.

Alhamis, 12 ga Disamba

Tan uku sun tafi jiya. Hannuwana sun yi ja, bayana kamar ba nawa ba.

Da rana na je kantin magani na cikin gari, mai kantin yana da ikon shaida rantsuwa. Ya sa tabarau ya karanta: mun rabu tun Maris 2018, babu zaman aure tsakaninmu. Ya ɗago ya tambaye ni ko abin da ke ciki gaskiya ne, ya ce ƙarya a nan laifi ce babba.

Tun daga gida nake tsoron muryata za ta yi rawa, ya gane. Na ce gaskiya ne. Na sa hannu. Na tsaya ina jira in ji nauyin ƙaryar a ƙirjina, har ya buga hatimi ya miƙo mini, ban ji komai ba.

Na sayi man shafawa na hannu na koma gona. Loc ya kira wajen la'asar, lokacin da yake fitowa daga asibiti. Muna cikin lodi. Na ce zan kira shi in an tashi.

An tashi tun ɗazu.