Kun Sa Ƙanena Kafa Turke a Gonar Kawunsa

Zuwa ga Shugaban makarantar koyon sana'a da ƙanena Sani yake karatu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da malamanka, Allah ya sa haka, amin. Ranka ya daɗe, na yi ta zarya ofishinka, kullum masinja ya ce ka tafi Sakkwato. Tunda ƙofa ta ƙi buɗuwa, ga maganar a fili kowa ya ji. Ni mai facin keke ne a bakin kasuwar Mafara, ban zauna aji ba, in harshena ya yi kaifi a yi haƙuri.

Na farko. Da za ka tura yara koyon aiki wurin ma'aikatan madatsar Bakolori, ka raba su kowa kusa da gidansu, don su kwana gida, makaranta ta huta da ciyarwa. Dabara ce, ban musa ba. Amma ka tambaya wane aiki ake yi kusa da gidan? A ƙauyenmu, tsakanin Mafara da Bakura, awon gonaki ake yi, inda aka kafa jan turke katafila ta biyo ta shafe. Tsohonmu ya yi ta murna, ya zaci gyaran inji za a koya wa ɗansa. Ashe sandar awo da guduma za a riƙa masa.

Na biyu. Masu awon baƙi ne, ba su san gonar kowa ba. Mu kuwa iyakarmu gamba ce da itace, sai ɗan gari ke gane ta. Wane ne ɗan gari a cikinsu? Sani. Shi ake tambaya gonar wa ce wannan, shi ke faɗin suna, shi ke buga turke. Ran nan Kawu Ɗanjumma, wan mahaifiyarmu, ya iske shi tsakiyar dawarsa da ta fara fid da kai, yana buga turke. Bai zage shi ba. Da zagin ya yi, da ya fi sauƙi. Tambayar mutane ya yi wai ɗan wane ne wanga yaro, shi bai gane shi ba.

Tun ranar, tsohonmu da yatsa biyu ake ba shi hannu a masallaci. Inna in ta je rijiya, mata su yi tsit. Samari kuma sun aiko cewa suna jiran ranar da za a dawo awo. Ranka ya daɗe, ai ka san wanda za a jefa. Ba mai Landiroba da ɗan sanda a gefensa ba ne, yaron da ke tafe ƙasa da sanda ne, wanda aka san ɗakin da yake kwana.

Na uku. Sani ya roƙi malaminsa a canja masa wuri, aka ce duk wanda ya bar inda aka kai shi babu takardar shaida. Shekararsa ta ƙarshe ke nan. Wato ya zaɓa, ko takarda ko dangi. Kai da kake babba, wanne za ka zaɓa wa ɗan cikinka?

Roƙona ga shi. A mai da Sani garejin gyaran injuna, abin da aka ce da mu zai koya tun farko. Sauran yaran da ke wajen Bakura da Maradun ma a duba inda aka jefa su. Nan gaba, kafin a tura yaro, a kira ubansa a gaya masa ainihin aikin. Sannan ka zo ƙauyenmu da ƙafarka ranar Juma'a, bayan an sauko, ka faɗa wa mutanenmu cewa makaranta ta aiko shi.

Iyaye kuma, ban da sa hannu kan kalmar "koyon aiki" sai kun ji aikin mi, a gonar wa.

Ka sani, na ɗauko Sani, yana ɗakina a Mafara, kuma ranar Litinin ba zai koma awo ba. In korar sa za ka yi, ka kore shi kana sane da dalili.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare maka naka 'ya'yan.

Wassalam.

Bello mai faci,
Talata Mafara.