Kwamfuta Ta Nemi Sunana

Dutse, daren Talata

Yau na kai wa ɗana Auta abinci ofis, na tarar da shi gaban kwamfuta, allo baƙi ƙirin, yana ta buga rubutu. Wai haɗa ta yake da wata babba a ƙasar waje, in ba ta buɗe masa ba, babu aiki. Ya sa kalmar sirrinsa, sai ta nemi sunan mahaifiya, saboda ranar mantuwa.

Ni dai boka na sani da tambayar sunan uwar mutum.

"Inna, inji ne fa," in ji shi, yana dariya.

Na ce ya sa Kyalla, akuyata. Ya sa, ta karɓa, ta buɗe.

Hankalina ya kwanta. Amma da na dawo gida, sai da na tofa wa Kyalla addu'a.