Guntun Taba Cikin Kananzir

Daren Laraba, damina, 1956

Yau da safe a gareji na ga guntun tabar Ilu direba ya faɗa cikin rabin duron kananzir da nake wanke kayan inji. Ya yi cuu, ya mutu. Da fetur ne a ciki, yadda abokan aikina suke ta matsa mini in koma, da yanzu an yi mini salla.

Sai dai warin kananzir ba ya barin hannu. Da rana na miƙa hannu kwanonmu, Ilu ya ce, "Kai Sale, tuwon zai koma fitila!" Aka ɗebar mini nawa a murfi, na ci ni kaɗai a bayan mota.

Ba zan koma fetur ba. Amma wa zai shaide ni? Iya mai ƙosai ce kawai ta ga faɗawar guntun tabar, ita kuwa ta ɗauka ruwa ne a duron.