Shirun kwamfutar Yaya Isifu

Laraba da dare, Kpangalam

Yaya Isifu ya iso daga Dapaong rungume da 'yar kwamfutar da ke sarrafa famfon unguwarsu. Kwana uku ba su da ruwa. In an kunna ta, sai ta turo layin rubutu kaɗan ta wayar siriyal, wadda ake ganin saƙonninta da ita, ta yi tsit. Ya ɗauka shi ya ƙona ta, har tausayinsa ya kama ni.

Ashe kernel, zuciyar manhajar, shi ke yanke wa ƙofar siriyal wuta tun bai gama tashi ba, wai tsimin lantarki. Na sa ya bar mata wutar. Rubutu ya ɓarke, sai ga ainihin ciwon: katin ajiya ne ya mutu.

Sau uku yana tambayata, "Ƙanena, ashe ba ni ba ne?"

Sai a lokacin ya taɓa tuwon da aka ajiye masa tun azahar.