Ba Kunun Kanwata Ba Ne

Salamu alaikum, Habu. Ina gajiya, ya zaman Legas? Ya Binta da yara? Mu nan lafiya lau, gero ya yi kyau, alhamdu lillahi. Matar ƙaninka ke rubuta mini.

Ƙurajen nan na wuyan Rabi, 'yar yayarka, an kai ta asibiti Kano. Suka ce wani abu kamar alli ke taruwa mata a fata da jijiyoyi, har da ido. Na ɗauka ni na jawo mata, don tun tana goye nake ba ta kunun kanwa. Na kasa gaya wa kowa. Ranar da wasu masu bincike a asibitin suka ɗebi jininmu mu danginta, na daure na tambayi wata likita a cikinsu. Ta yi murmushi ta ce, "Inna, kununki ba ruwansa. Gado ne. Wata 'yar ƙofa ce a hanta ba ta buɗewa, shi ya sa allin ke taruwa, ita muke nazari."

Wallahi ranar na ci tuwo na ƙoshi. Amma gadon nan ya tsorata ni. Don Allah ka kai naka yaran a duba musu wuya da ido. Ku sa Rabi a addu'a, ka gaida Binta.

Innarka