Gwiwar Hannun Kafinta

Daga masaukinmu, ranar Talata

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya. Yaya jego? Allah ya sa cibiyar ta warke, kuma tana barin ki kina runtsawa. Mu ma nan lafiya lau muke, sai dai ƙafar Mama da ke ɗan kumbura idan yawo ya yi yawa.

Yaya, akwai abin da nake yi tun ranar da muka sauka a ƙasar nan, ban faɗa wa kowa ba. A waya ba zan iya ba, wayar ta Mama ce, kuma kin san bakina idan aka zo magana. Shi ya sa na ɗauki takardar da suke ajiyewa a ɗakin otal. Idan mun dawo zan sa miki a cikin ledar tsarabarki.

Kin tuna ni aka ba wa aikin ɗaukar hoto. Mama ta ce idona ya fi nata, shi kuma Kafinta ya ce yatsunsa sun yi kanta, gilashin waya ba ya jin su. To, duk hoton da na ɗauka babu shi a ciki. Da gangan nake yi. Idan suka jera, sai in matso kusa, in ɗan karkata wayar har Mama ta cika hoton ita kaɗai, sannan in ce ya yi. Shi kuma ya ce, "Madalla da Mai Hoto." Sunan da ya sa mini ke nan.

Na san mijin Mama ne. An ɗaura aure, kowa ya shaida. Na san shi ya ce ba za a bar ni a gidan Gwaggo ba lokacin da ɗansa na ƙasar waje ya aiko musu da tikitin wannan tafiya. Amma har yau ban san da wane suna zan kira shi ba. A tsakaninmu ni da ke Kafinta muke cewa. A gabansa kuwa sai dai in ce "ga shi" ko "an ce ka zo". Bakina ya ƙi furta Baba.

Ke ba ki gida ranar da ya kawo firam ɗin nan na sa hoto. Da hannunsa ya yi shi, ya goge, ya shafa masa mai har yana ƙyalli. Ya rataye shi a falo babu komai a ciki, a bangon da hoton Babanmu yake, ya ce a nan za a sa hoton tafiyarsu. Na shiga banɗaki na yi kukana. Babanmu bai taɓa hawa jirgin sama ba, Yaya. Kullum cewa yake wata rana zai kai Mama ta ga teku, har ya rasu bai kai ta ba.

Yau mun je wani tsohon ɗakin bauta a kan tudu. Da farko Mama ta ce ita me ya kai ta wurin bautar wasu. Kafinta ya ce mata ai kallo za mu yi, aikin hannun bayin Allah ne. Matakalar ta yi tsawo, ya riƙe mata jaka, muka riƙa hawa muna hutawa, tana cewa wanda ya gina nan ba shi da uwa mai ciwon gwiwa. A sama akwai wata ƙatuwar ƙofa ta katako, an sassaƙa mata furanni da tsuntsaye. Ya tsaya yana shafa ta kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata. Sai Mama ta gyara mayafi ta ce, "Auta, ɗauke mu a nan. Wannan shi ne na firam."

Na ɗauka. Akwai Mama, akwai ƙofa. Shi kuwa gwiwar hannunsa kawai ta fito a gefe.

Na ɗauka zan ji daɗi. Ban ji ba. Da muka sauko ya saya mini ruwan sanyi, ya buɗe mini murfin da kansa, na riƙe shi na kasa sha.

Ki gaishe da maigidanki, ki sumbaci jaririya. Kada ki yi fushi da ni tukuna.

Taki ƙanwa,
Auta


A cikin sabon masauki, ranar Juma'a

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gida. Yaya jikinki, yaya ruwan nono? Mama ta ce in tuna miki ki riƙa shan abu mai ɗumi, amma wannan ta riga ta faɗa miki a waya, ba sai na maimaita ba. Ƙafarta ta yi sauƙi.

Asirina ya tonu, kuma an rufa mini shi. Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Bari in fara daga kasuwa. Shekaranjiya muka shiga wata kasuwa mai rufi, layi bayan layi, daga masu yadi sai masu kifi sai masu tukwane. Da kin ga Mama tana ciniki da kin yi dariya har kin faɗi. Ba ta jin yarensu, ba sa jin namu, amma da yatsu da harara ta sa wata mai yadi ta sauko. Har tana ce wa matar, "Haba 'yar nan, ki ji tsoron Allah," matar tana gyaɗa kai tana dariya. Mun ci wani abinci a tsaye, ban san sunansa ba, ga zaƙi ga yaji. Mun ɗanɗana wani ɗan itace mai wari, Kafinta ya ce shi dai ya yafe, ko a shagonsa ba zai bari a shigo da shi ba. Na yi hotuna da yawa, duk irin na da.

Jiya muka hau jirgin ƙasa zuwa wannan garin. Kujerun suna kallon juna, su biyu a gefe ɗaya, ni a gabansu kusa da taga. Muna wuce gonaki da ƙananan tashoshi, sai ga saƙonki ya shigo, kina cewa duk hotunan da ake turo miki amarya ce kawai, ina angon? Na san da wasa kika faɗa. Mama ta yi dariya ta ce bari ta nemo miki. Ta fara ja da yatsa. Tana ja, tana ja, dariyar tana raguwa. Ta wuce kasuwa, ta wuce tudu, ta kai har filin jirgi. Sannan ta ɗago ta kira ni da sunana na yanka, wanda ba ta kira sai abu ya ɓaci.

Yaya, na so ƙasan jirgin ya tsage in faɗa. Kunnuwana suka yi zafi. Kafin in buɗe baki sai Kafinta ya riga ni. Ya ce, "Ai ni na ce mata kada ta sa ni. Ba na son hoto, kullum fitowa nake kamar wanda aka kama da akuyar mutane."

Ƙarya ce. Bai taɓa ce mini haka ba.

Mama ta ce, "To firam ɗin da ka hana kanka barcin rana kana gogewa fa, Malam?" Ya ce ita kaɗai ta isa ta cika shi, har ta yi saura. Ta ce masa Allah ya shirye shi. Amma ni ta kalla, ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi idan ta san wanda ya fasa kofi tana jira ya faɗa da bakinsa. Ban faɗa ba. Shi kuma ya ciro lemo daga jaka, ya ɓare, ya miƙo mini rabi kamar ba abin da ya faru.

Da suka yi gyangyaɗi na ɗauki wayar na duba hotunan tun daga farko. Abu biyu na gani.

A na farko-farko gwiwar hannunsa tana fitowa, ko bakin hularsa. Daga ranar kasuwa kuwa babu ko wannan. Sai na tuna, idan na ɗaga waya yakan mayar da hannunsa baya, ya ɗan ja gefe, wai yana gyara riƙon kaya. Ashe ya sani tuntuni. Yana janye hannunsa ne don kada ya ɓata mini hoto.

Na biyun ya fi ci mini rai. A duk hotunan Mama dariya take yi, irin wadda haƙorinta na gefe yake fitowa. Yaushe rabon ki da ganin wannan haƙorin? Ni tun kafin Baba ya kwanta asibiti. Kuma ba ni take kallo ba. A kowane hoto idonta yana gefe, wajen da na yanke. Sai ta zama kamar mai yi wa bango dariya.

Jirgin ya shiga wani dogon rami, taga ta yi duhu, na ga fuskata a gilashi. Na kawar da kai.

Ba za mu koma garin da ƙofar nan take ba. Daga nan sai gida. Kuma yanzu ba zai iya cewa a ɗauke shi ba, tunda ya faɗa da bakinsa cewa ba ya so. Ni na ɗaure shi, da igiyar da ya ba ni.

Ki yi mini addu'a. Ina gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Auta


Filin jirgi, ranar Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ke da jaririya da babanta. Muna zaune muna jiran a kira jirginmu. Mama tana ta lissafa wa za a ba wane yadi, shi kuma Kafinta ya je neman ruwan zafi. Takardar otal ta kusa ƙarewa, don haka zan rubuta ƙanana.

Tun ranar jirgin ƙasa Mama ba ta sake cewa in ɗauke su ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Mun shiga wani ɗakin bauta mai tafki a gabansa, mun hau wani ƙaramin jirgin ƙasa da ke zagaya gari, wayar tana cikin jakarta. Jiya da safe na ce ta ba ni. Ta ba ni, ba ta tambaye ni me zan yi ba.

Na yi ta shirya maganar a raina. Zan ce su tsaya tare. Amma yaya zan kira shi? Sau da yawa na buɗe baki, sai in ji harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Haka har rana ta yi tsaka.

Da yunwa ta kama mu muka zauna a wata rumfar abinci kusa da tasha, mai benci da teburin roba. Aka kawo wa Mama romo. Ta ce ita da ta girma da barkono wane yaji ne zai ba ta tsoro. Cokali ɗaya ta kai, sai hawaye. Tana tari tana dariya tana cewa, "Malam, sun kashe ni!" Shi kuma ya rikice, ya cire hularsa yana yi mata fifita da ita, ɗaya hannun yana miƙa mata ruwa yana zubarwa a zaninta.

Na tashi tsaye na ɗaga wayar. Ba su shiga su biyu ba, na yi kusa da yawa. Sai na ja da baya. Na ƙara ja, har na taka wani ruwa da ke kwance, na kusa ture keken wani mai sayar da rake. A nan suka shiga dukansu. Ashe abin da ake bukata ke nan tun farko, in ɗan ja da baya.

Bai gan ni ba, don haka bai ɓoye hannunsa ba.

Hoton ba irin na ƙofar nan ba ne. A bayansu akwai kwandon shara da wata tsohuwar fanka. Kansa babu hula, sanƙonsa yana ƙyalli, idon Mama ya yi ja. Amma tana kallon gefe tana dariya, kuma wannan karon akwai mutum a wurin.

Akwai wani abu kuma da na tuna. Ranar da ya buga ƙusar firam ɗin ina laɓe a ƙofar kicin. Ya fara sa ta daidai da ta hoton Baba, ya tsaya ya duba, sai ya cire ya sauko da ita ƙasa kamar faɗin tafin hannu. A lokacin na ce a raina ko awo bai iya ba, wai shi kafinta. Yanzu na gane, bai so hotonsa ya yi kafaɗa da na Baba ba.

Ban nuna musu hoton ba. Na tura shi wayarki lokacin da Mama take salla, na goge saƙon daga tata. Za ki gan shi kafin ki ga wannan takarda, kin ga yanzu kin san dalili. Kada ki nuna wa kowa. Idan mun iso, ranar da ya koma shago, zan zo mu je wurin mai wanke hoto na bakin titinku. Ni zan sa shi a firam ɗin da hannuna, in mayar a ƙusarsa. Kafin ya dawo kuma zan samu Mama a kicin in faɗa mata cewa bai taɓa hana ni ɗaukarsa ba. Ta sani, amma tana jira ta ji daga bakina.

Sunan da zan kira shi har yanzu ban samu ba. Ga shi can yana tahowa da kofi uku a hannu biyu, yana tafiya a hankali kada ya zubar. Bari in je in karɓi ɗaya.

Sai mun iso, in Allah ya yarda.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta