Muryar da Na Tura wa Bello

Laraba da dare, Birnin Kebbi

Sati biyu ina tura wa Bello muryata a waya, ina koyon faɗin sunayen motocin alfarma na Italiya kafin in fara bidiyon motoci. Shi kaɗai na yarda ya ji, don tare muka tashi a Argungu. Kullum sai ya ce, "Ka kusa, sake Quattroporte ɗin nan."

Yau na isa majalisarmu ta unguwar Gesse, ko zama ban yi ba Nura mai shayi ya tarbe ni da "Testarossa", har da in'inata. Aka kwashe da dariya. Bello ya ce, "Haba, wasa na!"

Ashe duk sakewar nan ba gyara yake mini ba. 'Yan majalisa ne ke saurare, su ke neman ƙari.